Baba Mai Sikeli da Shagon Tsallaken Titi

Ranar da muka fara magana da shi, ina tsaye a kan kujera ina goge katakan da zan jera kaya, kafinta kuma yana durƙushe yana neman ƙusar da ta faɗi. Shagona bai buɗe ba tukuna. Ban da warin fenti da kwalayen da ba a farke ba, babu komai a ciki. Sai na ji sallama daga bakin ƙofa. Wani dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya karkatar da kansa gefe guda kamar mai sauraron wani abu a cikin bango. Na san shi da gani. Shi ne mai shagon kayan masarufi da ke tsallaken titi, daidai saitin nawa, wanda duk unguwa ke kira Baba Mai Sikeli.

Na zo na kafa irin sana'arsa a kan idonsa, ko gaisuwa ban je na yi masa ba. Na sauko da sauri na gaishe shi.

Ya ce, "Sannu da aiki, 'yata. Ke ce mai wurin?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"To, Allah ya sa albarka. Amma ɗaga murya, ki kuma zagayo ta dama. Wannan kunnen na hagu ado ne kawai."

Ya shigo yana dube-dube, hannuwansa a baya. Ya nuna wani katako ya tambayi abin da zan sa, na ce sabulu da garin wanki. Ya nuna na kusa da shi, na ce ganyen shayi da sukari.

"Raba su," in ji shi. "Shayi makwaɗaici ne, duk ƙamshin da ya ji sai ya shanye. Kina sayarwa za a dawo miki da shi a ce shayinki kumfa yake yi."

Daga nan idonsa ya kai kan kwandunan roba da na tara a bakin ƙofa. Na yi masa bayani cewa mai saye zai ɗauki kwando ya shiga ya zaɓi abin da yake so da kansa, ya zo wurina ya biya. Ya yi dariya har da dafa bango.

"Wato mutum ya shiga har ƙurya ya ɗebi kaya da hannunsa? 'Yata, kafin wata ya ƙare katakan nan kaɗai za a bar miki."

A maganar shayi ya yi gaskiya. A maganar kwando kuwa bai ci ba, kuma shi ne ya fara faɗar haka da bakinsa.

Ni a masaƙa na yi aiki, a sashen sayar da kaya, har aka rufe ta aka sallame mu. Da abin da aka ba ni na kama shagon. Maigidana direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida, ga yara biyu 'yan makaranta. Ciniki na sani a takarda, amma ban taɓa tsayawa gaban mai saye ido da ido ba.

Shi kuwa Baba a cikin kaya ya tashi. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ta ba ni labarinsa daga baya, guntu-guntu, don shi ba ya son maganar kansa. Yana saurayi ya yi aikin injin niƙa, a nan kunnensa ya mutu. Ya koma dako a kasuwar 'yan sari, yana ɗaukar buhuna a bayansa. Inna ta ce a lokacin da ya aure ta, in ya dawo gida har gashin girarsa fari fat da gari. Daga dako ya samu tebur a bakin titi, daga tebur ya kama shago. Abu na farko da ya saya ma shagon shi ne sikeli mai faranti biyu na tagulla, kuma ba a taɓa jin wanda ya auna kayansa a wani wuri ya ga sun gaza ba. Daga nan sunan ya bi shi.

Shagonsa irin na da ne. Doguwar kanta ta katako ta tare ƙofa daga bango zuwa bango. Mai saye yana waje, Baba yana ciki. Ka faɗi abin da kake so, ya juya ya ɗauko, ya auna, ya ƙulla. Bayansa buhunan shinkafa da wake da gari, sama kuma gwangwanaye har rufi. Kafin ya ba ka kayan sai ya tambayi mai jiki, ya tambayi yaron da ya yi jarrabawa.

Da na buɗe, mutane suka yo caa wurina. Matasan mata musamman, masu fita aiki, sun fi son su shiga su juya gwangwani su duba wa'adinsa, su ga farashi a manne, su fita ba tare da doguwar gaisuwa ba. Ga firji, ga madara mai sanyi. Ina kallo da idona 'ya'yan tsofaffin abokan cinikinsa suna wuce ƙofarsa suna tsallakowa. Daɗi nake ji, kunya kuma tana cina. Na koma in zan buɗe shago da safe sai in sunkuyar da kai in yi kamar makulli ya ƙi.

Wata rana wata mata ta shigo ta ce, "Baba ne ya turo ni, ya ce ke kike da abincin jarirai na gwangwani." Washegari wani ya zo neman man shafawa, shi ma Baba ne ya turo shi. Da abin ya yi yawa na tsallaka na same shi yana goge farantin sikeli.

Na ce, "Baba, kana ta turo mini mutane, ni kuwa na janye maka naka."

Ya ce, "Nawa? Yaushe na saye su? In na ce babu, na bar mutum ya tafi wata unguwa, gobe ma can zai tafi, ni da ke duk mun rasa. Gara ya tsallaka titi." Sannan ya ƙara da cewa, "Kwandunan nan naki kuma, na ga har yanzu katakanki da kaya a kai. Na janye maganata."

Tun daga ranar ya raɗa mini suna 'Yar Tsallake, unguwa kuma ta karɓa.

Shekaru kaɗan muka yi a haka, kowa yana samun rabonsa. Sai aka buɗe wani katafaren kanti a babban titin bayan gari, mai filin ajiye motoci da na'urar sanyaya wuri. Ba a jima ba kuma samari masu babura da akwati a baya suka cika unguwa, mutum yana kwance a ɗakinsa ya latsa waya a kawo masa kaya har ƙofa. Abin da na yi wa Baba sai ga shi an yi mini, har da ƙari. Ƙarshen mako kana ganin motoci suna dawowa da manyan ledoji masu tambarin kantin. Kayana suka fara kwana a kan katako. Wa'adin madara ya ƙare na zubar, biskit ya yi laushi, firji yana ta cin wuta babu mai buɗe shi. Na fara tambaya a ɓoye ko akwai mai son sayen katakai da firji.

Maganar ta kai kunnen Baba, na daman. Da safe ya aiko Inna ta kira ni.

Ya ce, "Na ji za ki gudu ki bar ni."

Na ce, "Baba, ba gudu ba ne. Zamani ne ya wuce mu."

"Ni ya wuce tuni, ga ni nan kuma ban mutu ba. Zauna nan." Ya nuna mini benci a gefen ƙofarsa. "Ni ma ban san maganin abin nan ba. Amma mun daɗe muna kallon kayanmu, ba mu kalli mutane ba. Yau mu zauna mu kalle su."

Haka muka yi, ranar da wasu ranaku bayanta, safe da yamma, muna zaune kamar marasa aikin yi. Inna tana wucewa tana cewa, "Sannunku da gadin titi." Amma mun ga abubuwa. Mun ga cewa masu cika mota da kaya ranar hutu su ne dai ke fitowa a tsakiyar mako a gurguje suna neman burodi da ƙwai da abin da suka manta. Mun ga gidajen haya sun cika da sababbin ma'aurata da ma'aikata masu zaman kansu, waɗanda ba su da wurin ajiye buhu, ba su kuma da masu cinye shi. Mun ga cewa lokacin da mutane suka fi wucewa, wato in an taso daga aiki, shi ne lokacin da ni nake rufewa in tafi gida girki. Mun kuma ga tsofaffi da masu jego, waɗanda babban kanti ya yi musu nisa, waya kuma ta fi ƙarfinsu.

Baba ne ya kawo shawarar farko. Ya ce, "Ni da ke muna sayar da abu iri ɗaya, muna sarowa kaɗan-kaɗan da tsada. Mu haɗa sari, mota ɗaya ta kawo. Sannan mu raba: duk abin da ake aunawa nawa ne, duk abin da ke cikin leda da kwali da firji naki ne. Titin nan mu ɗauke shi kamar hanya ce a tsakiyar shago ɗaya."

Ni kuma na kawo ta biyu. Na ce mu ba mutane lambar waya, su turo saƙo, mu haɗa kayan mu ajiye, in sun taso daga aiki su ɗauka su wuce. Tsofaffi kuma a kai musu.

Nan ya murtuke. "Ni ba na sayar wa wanda ban ga fuskarsa ba. Ta ina zan san ko lafiyarsa ƙalau?"

Na ce, "Za ka ji muryarsa, Baba."

"Da wane kunnen?"

Sai da Inna ta sa baki. Ta ce, "Malam, kai da ka ce kwando ba zai yi ba?" Ya harare ta, ya ce a kawo wayar.

Saƙon farko da ya karɓa da kansa daga wata malamar asibiti ne da ke hawa na biyu a gidan haya. Ya kara wayar a kunne, ya gyaɗa kai, ya cika galan da mai ya ajiye mata. Da yamma matar ta zo ta tsaya tana kallon galan.

Ta ce, "Baba, ƙwai na ce."

Ya ce, "Mai dai."

"Ƙwai, Baba. Na kaza."

Har mai gyaran takalmi da ke gefe sai da ya ajiye allura ya yi dariya. Baba bai ji haushi ba. Ya ce, "To ai sai ki haɗa, da me za ki soya ƙwan?" Ta kuwa ɗauki duka biyun. Daga ranar muka yi ƙa'ida: ni ke sauraron saƙo, in tsallaka in faɗa masa ta dama.

Ciniki bai dawo kamar da ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma ya daina zubewa. Na rage kayan ƙawa da ba sa tafiya, na ƙara burodi da ƙwai da kayan miya ɗanye da ake kawo mini kowace safiya. Na koma rufewa da rana in buɗe da yamma. Baba ya fara ƙulla shinkafa da wake da sukari a ƙananan ledoji, daidai girkin mutum biyu. Wani mai babur, magidanci da ke layinmu, ya karɓi aikin kai wa tsofaffi kaya.

Wata safiya na fito na tarar da kafinta a ƙofar Baba yana zare ƙusoshin kanta. Na tsallaka da gudu, na ɗauka wani abu ne ya faru.

Baba ya ce, "Na gaji da ganin yaran nan suna leƙe ta saman katako kamar masu ziyarar fursuna. Su shigo su ga shinkafar da idonsu."

Aka fitar da kantar da ƙyar, don ta girmi kafintan. Baba ya tsaya a tsakiyar shagonsa, haske ya shiga har ƙurya, shi kuma ya rasa inda zai sa hannunsa. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Ashe kana da ƙafafu a shagon nan. Tun da ka kama wurin nan daga ƙugu zuwa sama nake ganinka." Ya yi dariya, amma na ga ya juya baya ya daɗe yana gyara bakin wani buhu da ba abin da ya same shi.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne bayan haka. Maigidana ya yi hatsari a hanya, aka kwantar da shi a wani asibiti mai nisa, ƙafa da haƙarƙari duk sun karye. Ina cikin ba wata mata canji aka kira ni. Ban san yadda na fita ba. Abin da na tuna kawai shi ne Baba ya tare ni a tsakiyar titi, ya karɓi makullin daga hannuna, ya ce, "Tafi. Kada ki waiwayo."

Na yi makonni a can. Yara suna wurin ƙanwata. Shago ko a mafarki bai zo mini ba, na riga na sallama shi. Da jikin maigidana ya yi sauƙi muka dawo, na zo da niyyar in share ruɓaɓɓun kaya in karɓi makulli a wurin Baba in mayar wa wanda ya ba ni hayar shagon.

Na tarar da ƙofa a buɗe. Inna tana zaune a kujerata da tabarau a kan hanci, tana kara waya a kunne tana ƙwala wa Baba saƙo ta tsallaken titi. Burodin ranar yana kan katako. Firji yana aiki. Mai gyaran takalmi ne ya ba ni labarin sauran: yadda dattijon nan, da ciwon gwiwarsa, yake tsallaka titi ya dawo ba adadi a yini, yadda ya sa malamar asibiti ta zaunar da shi ta koya masa na'urar karɓar kuɗi da kati, yana latsawa da ɗan yatsa ɗaya yana yi mata faɗa kamar mai ji, yadda yake rufe nasa shagon da yamma ya tsaya a nawa, don ya san lokacin ne kasuwata.

Ba komai ya yi daidai ba. Ya saro madara ta cikin roba mai yawa har suka rasa yadda za su yi da ita, shi da Inna suka yi ta raba wa yaran layi kafin ta lalace. Ya manna farashin man gashi a jikin man girki. Ya kuma sauko da duk kayan da tsofaffi ke saye zuwa katakon tsakiya, wai ya ga wata tsohuwa tana ɗage tana neman faɗuwa. Wannan ban mayar ba har yau.

Na tsallaka wurinsa, na buɗe baki, kuka ya riga magana fita.

Ya ce, "A'a, a'a. Ya mai jiki? Shi ne magana."

Na ce, "Baba, da me zan biya ka?"

"Ki karɓi na'urarki. Ta ƙi jinina, ni ma na ƙi jininta."

Bai ƙara yarda an tayar da zancen ba. Ko maigidana da ya zo da sanda ya yi masa godiya, sai Baba ya juya masa kunnen hagu.

Ƙarfinsa ya fara ƙarewa bayan wasu shekaru. Gwiwa ta matsa, ido kuma ya yi yana har ba ya ganin allurar sikeli sai ya kai fuska kusa. 'Ya'yansa duk sun kama wasu ayyukan, babu mai sha'awar shago, shi kuma bai tilasta wa kowa ba. Ya kira mai gidan da yake haya, ya kira ni, ya ce in ci gaba da wurin. Yanzu shagunan biyu a hannuna suke, ƙanwata tana tsaye a nasa. Shi da Inna suka koma gidan babbar 'yarsu a wani gefen gari.

Kwanakin baya aka yi masa aikin ido, muka je duba shi ni da maigidana. Muka same shi a tsakar gida a kan kujera, an cire bandeji. Ya ƙura mini ido ya ce, "'Yar Tsallake, ashe ke ma kin fara furfura? Da ban gani ba, da na ci gaba da ce miki yarinya."

Muka yi hira, ya tambayi mutanen layi ɗaya bayan ɗaya. Da za mu tashi sai ya riƙe hannun maigidana.

"Ɗana, da mota kuka zo? Ina da wata buƙata. Kantin nan da ya hana mu barci, ban taɓa shiga ba. Tun da Allah ya dawo mini da ido, ku kai ni in gani."

Muka kai shi. Ƙofa ta buɗe da kanta, ya ja da baya ya ce mata sannu. Ya kama keken zuba kaya ya jingina a kai maimakon sanda, muka bi layi-layi a hankali. Na ɗauka zai kushe, ko ya yi baƙin ciki. Ko kaɗan. Ya tsaya gaban kayan lambu da aka jera ana fesa musu ruwa, ya daɗe yana kallo. Ya shafa ledar shinkafa, ya shinshina. Ya tare wata ma'aikaciya ya tambaye ta ko ana barinsu su zauna in ƙafa ta gaji, ta ce ana ba su hutu, ya ce madalla.

"Sun yi aiki, 'yata," in ji shi. "Wallahi sun yi aiki. Wanda ya tsara wurin nan ya san mutane. Allah ya ba su nasu, ya ba ki naki."

Bai sayi komai ba sai askirim roba ɗaya, wai na Inna ne, tana so amma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai shi. A hanya cunkoso ya tare mu, ga rana. Yana zaune a gaba ya rungume robar a cinya, yana ta ce wa maigidana, "Ɗana, taka motar nan mana, direban babbar mota guda kana tafiya kamar mai rakiya." Kafin mu isa askirim ɗin ya narke, ya zama ruwa. Inna ta karɓa, ta buɗe, ta dube shi, ta ɗauko kofi biyu ta raba musu.